Masuncin da Ya Auna Mini Tsirraina

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle Kuala Lumpur, ina shekara ta biyu a digiri na uku. Bincikena a kan mangrove yake, itatuwan nan da ke tsaye cikin laka a bakin teku, saiwoyinsu a waje. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai da na bar Katsina, wai ni ce masaniyarsu.

Na dasa tsirrai a wata gaɓa, tafiyar awa biyu daga gari, kowanne da lambarsa. Duk wata nakan je in auna tsawonsu, in ga wanda ya mutu. Sai aka hana ƙetare gunduma. Ina zaune a ɗakina a unguwar Setapak, wata guda ya wuce ba awo.

Malamata ta kira ni ta ce, "Idan kika rasa wata uku a jere, aikin ya tashi a banza. Ki koma nazarin abin da wasu suka rubuta, ba abin kunya ba ne."

Na ce ta ba ni sati biyu.

Akwai wani dattijon masunci da ke kai ni wurin a kwalekwalensa, ina ce masa Pakcik, wato kawu. Su masunta an bar su suna fita. Sai dai ba ya jin Turanci, ni kuma yarensu bai wuce in sayi abinci in ce boleh, wato "zai yiwu", ba. Na sauka wurin matar da ke da shago a ƙasan benenmu, muka tsaya nesa da juna da takunkumi, tana koya mini ƙirga da "sake aunawa" da "daga ƙasa". Tana dariya, ina rubutawa. Na aika wa Pakcik tef ɗin awo ta gidan waya, don ya riƙa auna mini tsirran.

Kiran bidiyo na farko, kunnensa kawai na kalla. Na biyu, ya shiga laka har gwiwa, yana karanto lamba, ina maimaitawa. In na yi kuskure sai ya ce, "A hankali, 'yata." Haka muka yi wata bayan wata.

Tsirran layin gaba suna ta mutuwa, ni kuwa har na rubuta babi guda cewa gishiri ne ya yi musu yawa. Ran nan ya tsuguna, ya kusanto da wayar jikin wani kara. An datse shi daga gindi.

"Ba gishiri ba ne," ya ce. "Ƙaguwa ce. Tun ina yaro nake ganinta."

Na yi sati ina neman hujjar da zan ƙaryata shi. Ban samu ba. Na roƙe shi ya zagaye wasu tsirran da raga, ya bar wasu haka. Na cikin raga suka rayu. Na goge babin, na sake shi daga farko, kuma shi malaman suka fi tsayawa a kai ranar da na kare aikin.

Na yi taurin kai don kada aikina ya mutu, ban yi nadama ba. Amma abin da ya fi ba ni wuya shi ne yarda cewa na yi kuskure. Har yau in na je sabuwar gaɓa, kafin in fito da kayan awo, sai na nemi wanda ya tsufa a wurin, in gaishe shi, in zauna in saurare shi.