Ranar da Ciyawa Ta Cinye Dorina

Laifina ne, na amsa. Ni na juya kibiyoyin.

Muna aji huɗu a lise, wato sakandare, a Garwa malamin kimiyya ya zo da kwamfuta, yana riƙe da ita kamar jaririn da aka haifa jiya. A cikinta akwai taswirar halittun kogin Binuwai: ɗigo-ɗigo masu launi, kowane ɗigo dabba ce ko tsiro, ga zare ya haɗa su. Ka latsa kada ya ɓace, sai ka ga giwan ruwa ya kumbura, karfasa ta tsuke. 'Yan ajinmu suka hangame baki. Yaran da ke wucewa ta kan gada kullum ba su taɓa leƙa ruwa ba, yau ga su suna kabbara don ɗigo ya motsa.

Malam ya raba mu rukuni-rukuni, kowa ya shigar da wa ke cin wa. Rukunin da ya fi, za a kai shi gandun daji a mota. Ni kuwa ban taɓa wuce garin Figil ba, don haka na ƙwace aikin rukuninmu.

Ashe ƙa'idar ita ce kibiya ta tashi daga abinci ta nufi cikin mai ci. Wane mai hankali zai yi haka? A gidanmu hannu ke zuwa kwano. Sai na ja kowace kibiya daga mai ci zuwa abinci, har ina fito.

Ranar nuni sufetan makarantu ya zo, tumbinsa ya riga shi shiga aji. Aka ba shi kujera gaban aikinmu. Ya latsa ciyawa, ta ɓace. Nan take dorina ta samu 'yanci, tunda a lissafina ciyawa ce ke cinye ta. Ta kumbura, ta kumbura, ta danne kada, ta rufe rabin fuskar kwamfuta.

"Boɗɗum!" in ji sufeto da Fillanci, wato ya yi kyau. "Kun gani, yara? Kimiyya ke nan."

Muka tafa. Shugaban makaranta ya fi kowa tafi. Manya biyu masu takardu sun yarda dorina na ƙiba in babu ciyawa.

Malam kuwa gumi kawai yake sharewa. Sai da motar sufeto ta fita ya jawo ni da kunne.

"Kai, ɗan nan, a garinku ciyawa ke cin dorina?"

"Malam, ai sufeto ya ce boɗɗum."

"To je ka, sufeto ya kai ka daji."

Shida bisa ashirin ya ba mu. Rukunin 'yan mata ne suka tafi gandun dajin, suka dawo suna cika mu da labarin raƙumin dawa. Abokan rukunina kuwa sun yi mako biyu ba sa amsa sallamata.