Bikon Matar Yaya Saboda Buzuzu

Gyaɗi-Gyaɗi, shida saura kwata

Ana idar da sallar asuba na kama hanya. Tafiyar ba ta kai kilomita huɗu ba, amma ban taɓa yin mai nauyinta ba, don biko aka aike ni.

Yayana, Malam Sani, malamin ilimin ƙwari ne. Bara ya gano wani buzuzu da masana ba su taɓa rubutawa ba, har sai da aka buɗe masa sabon jinsi. Don tsabar ƙauna ya raɗa wa jinsin sunan matarsa Rabi, ya liƙa masa wutsiyar Latin. Ni kuwa, da yake ƙanin miji ne, na kira ta Hajiya Buzuzu a gidan biki. Kafin mako unguwa ta ɗauka. Ta haɗa kayanta ta koma gidansu a Tarauni, yau kwana tara.

A hanya

Na tari a-daidaita-sahu, naira ɗari uku. A shatale-tale masu kula da hanya suka tsayar da mu, suka leƙa, suka sake mu. Direba ya dube ni ta madubi.

"Alhaji, wannan takarda da ka rungume, ta fili ce?"

"Ta buzuzu ce."

Ya girgiza kai, ya ci gaba da tuƙinsa har na sauka.

Tarauni, shida da kwata

Inna, mahaifiyar Rabi, ta tare ni da koko da ƙosai. Sai wajen bakwai Rabi ta fito, fuska a ɗaure. Na san ni na ɓata.

Na buɗe takardar. "Anti, albishirinki! Masana sun rubuto. Ashe tun zamanin kakanninmu an ba wata tsutsar teku irin wannan sunan. A ƙa'idarsu jinsin dabbobi biyu ba sa haɗa suna, wanda ya riga shi ke riƙewa. An soke naki, dole Yaya ya sa sabo."

"Wato daga buzuzu na koma tsutsa?"

"A'a wallahi! Ita tsutsar sunan wani Bature ta ci, kama ce kawai."

"To sabon, wa zai zaɓa?"

"Yaya ya ce ke."

Nan na ga murmushin da bai kwanta mini ba. Ta ɗauko mayafinta.

"Mu tafi, Ɗanjuma. A duba mana ko wata dabba ta riga ka."

Gida, tara da minti goma

Yaya ya buɗe kwamfuta ya bi rajistar sunayen kaf, ina tsaye ina ta addu'a a samu ko da ƙadangare ne mai sunana. Ba kifi, ba tsuntsu, ba kowa.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Inna da kokonta. Rabi tana ɗakinta, Yaya baki har kunne. Buzuzun nan mai mirgina kashin shanu kuwa yanzu sunana yake amsawa, kuma an tabbatar mini wannan karon ba mai soke shi.