Shirun Baba da Tafiyar Yaya Indiya

Yayata ba ta iya ɓoye magana ba, kuma wannan halin nata ya sha jawo mana wahala a gida. Shekarar da aka zaɓe ta zuwa Indiya, saura ƙiris ya hana ta tafiyar gaba ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu a Diffa, tana aiki da wata ƙungiyar agaji a sansanin Sayam Forage, wurin matan da suka gudo daga Najeriya. Da yawansu abin da ke damunsu ba na allura ba ne. Barci ne ya ƙaurace musu, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai jikinsu ya ɗauki rawa. Wata baƙuwa da suka yi aiki tare ta koya wa Yaya yoga, wato miƙe gaɓoɓi da jan numfashi a hankali, ita kuma ta riƙa tara matan a ƙarƙashin rumfa tana koya musu. Na taɓa bin ta don in sha dariya. Sai na ga wata tsohuwa da aka ce ta daɗe ba ta runtsa da kirki ba ta ɓingire a kan tabarma tana minshari, sauran matan suna yi wa juna alama da ido kar a tashe ta. Ban yi dariyar ba. A motar dawowa kallon Yaya kawai nake yi, ina jin girmanta a raina.

Ana nan sai biro ɗinsu, wato ofishin ƙungiyar, suka ce za su tura ta Indiya, ita da abokan aikinta mata biyu, su ƙaro ilimin abin na ƴan makonni. Garin da za su yana gindin duwatsu, a bakin wani babban kogi. Masu addinin Hindu na zuwa can ziyara daga ko'ina, su yi wanka a kogin, ga ɗakunan bautarsu a kowane lungu.

Na ba ta shawara, kuma har yau ban ga laifin shawarata ba.

"Yaya, ki ce wa Baba formasiyon ce, horon aiki kawai, a Indiya, ki yi shiru. Ƙarya ce? Ai formasiyon ɗin ce."

Baba ɗan kasuwa ne, asalinsa Damagaram, atamfa yake saidawa a babbar kasuwa. Abin da ya sani game da Indiya bai wuce asibitoci ba. Da ta bi tawa, da tuni ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ina! Yaya ta je ta durƙusa gabansa ta zayyana masa komai, har da kogin, har da masu ziyarar. Kamar hakan bai isa ba, ta buɗe waya ta nuna masa hotunan garin, gumaka da duka. Ni ina bakin ƙofa ina ji kamar in fizge wayar.

Baba ya duba, ya miƙa mata wayarta, ya ce, "Na ji." Ya sa takalmi ya tafi masallaci.

Duk wanda ya san Baba ya san "na ji" ɗinsa bai nufin e, bai nufin a'a. Yaya kuwa ta ce in bai sa albarka ba, ba inda za ta. Raina ya ɓaci. Mace ta haura arba'in, ta yi aure, ta yi takaba, ga biza a hannu, amma tana jiran kalma ɗaya daga bakin tsohon da ke iya yin mako bai yi maganar kirki da kowa ba. Na faɗa mata haka ido da ido. Ta ce, "Ke dai riƙe mini bakin zanen nan in ninke."

Shiri dai bai tsaya ba. Inna, mahaifiyarmu, Babarbariya ce daga Baroua, gidansu masunta ne, kuma a wurinta matafiyin da bai ɗauki guzuri ba maraya ne. Ta aika aka kawo banda mai kyau ta Komadugu, ta sa aka yi kilishi. Sai da ta gama ɗaurewa Yaya ta gaya mata a garin nan ba a cin nama, ba a cin kifi, ko ƙwai ba a saidawa.

Inna ta riƙe haɓa. "Kogi na gabansu, ba su cin kifi? To me suke yi da kogin?"

"Wanka, Inna."

"Wanka kaɗai? La'ilaha! Allah ya ba su kogi suka rasa abin yi da shi."

Ta kwance ƙunshin tana mita, ta sake wani da dakakken tattasai da yaji da kuka da dabino da dakuwa. Ta ce ko ganye suka dafa mata, in ta barbaɗa tattasan Diffa zai zama abinci. Kilishin kuwa ni na ci rabinsa, ba zan yi musu ba.

Tela ya ɗinka wa Yaya wanduna masu faɗi da riguna har gwiwa, da ƙaramin hijabi mai igiya wanda ba zai zame ba in ta sunkuya. A ɗakinmu take gwadawa. Ta lanƙwashe, ta miƙe, ta juya, ni kuma ina zagaya ta ina duba ko wani wuri ya buɗe. Tana yin duk wannan ba ta san ko za ta tafi ba, amma ban taɓa ganin ta yi wa Baba fuska ba. Ita ce dai mai kai masa ruwan alwala.

Rannan bayan la'asar Baba ya zauna a kujerarsa a tsakar gida ya ce, "Zo ki gwada mini abin nan da kuke yi. Duka. Kar ki rage."

Ta shimfiɗa tabarma. Ta yi na tsaye, ta yi na zaune, tana yi tana bayanin gaɓar da kowanne ke saki. Yana kallo har ta durƙusa ta miƙa hannuwa gaba, kanta ya nufi ƙasa.

"Tsaya. Goshin nan ina za shi?"

Ta ɗago ta nuna masa ta dunƙule hannuwanta biyu, a kansu take ɗora kai. "Ba ya taɓa ƙasa, Baba. Matan Sayam ma haka na koya musu. Goshi na salla ne."

"In malamin can ya ce ki sa shi ƙasa? Ko ya ce ki rusuna ma rana, ko ma abin da na gani cikin waya?"

"Sai in ce mishi ban yi."

"In ya kore ki?"

"Sai in ɗauko jakata in dawo gida."

Haka ta faɗa, ba ɗaga murya, ba kame-kame. Na tabbata a ranar zai sa albarka. Ya daɗe yana kallon ta, ya ce, "Na ji," ya tashi.

Har ana gobe tafiya bai ƙara cewa komai ba. Jaka a ɗaure, tikitin motar Yamai a hannu. Da hantsi Yaya ta ce in magariba ta yi bai yi magana ba, za ta kira shugabarsu ta ce a yi haƙuri. Na yafa mayafi na nufi kasuwa, na ce yau ni da Baba sai a raba mu. Na tarar da shagonsa a kulle da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba tunda na yi wayo. Na dawo gida da faɗana a ciki, ban samu wanda zan sauke wa ba.

Rana ta yi sanyi ya shigo, ƙafafunsa butu-butu. Bai nemi kujera ba. Ya tsuguna a ƙasa ya kira Yaya, ni da Inna muka biyo ta ba wanda ya kira mu. Ya ce ya je wurin wani alhaji da ya taɓa kai matarsa asibiti a Indiya, daga nan ya wuce wurin liman don ya tabbatar. Ya tsinci tsakuwa uku ya jera a kan yashi.

"Wannan mu ne. Wannan ta tsakiya Ka'aba ce. Wannan ta can ke ce." Ya ɗora yatsa a kan ta ƙarshen. "Tunda aka haife ki gabas kike kallo in za ki salla. A can in kin kalli gabas kin ba Ka'aba baya. Yamma za ki kalla, wajen faɗuwar rana. Kar ki manta, don jiki ya saba."

Ni sai da na ji Inna ta ja hanci sannan na gane abin da ya faɗa. Wanda zai hana tafiya ba ya rufe shago ya yini yana neman alƙiblar garin.

"Baba," in ji Yaya, "ka yarda ke nan?"

Bai kalle ta ba, tsakuwoyin yake kallo. "Allah ya yi miki albarka, ya kai ki lafiya, ya dawo da ke." Ya ja layi da yatsa daga tsakuwarta zuwa tamu. "Kin ga, in kin tsaya salla can, ni ma na tsaya nan, fuskata na wajenki. Ban ba ki baya ba."