Wa Ya Juyo wa Godiya?

Sabon Tasha

Da sunan Allah na fita. Na yi sallar Asuba a masallacin unguwarmu, na hau Keke zuwa Sabon Tasha gari bai gama wayewa ba. A jakata akwai riga biyu da darduma da tsohon allona, wanda na yi karatu da shi ina yaro a Zariya.

Tun da na yi ritaya daga koyarwa nake cikin masu zagaya makarantun firamare, muna taya malamai kama wani tsari: yaro ba zai wuce darasi ba sai ya iya shi sosai, kuma a koya masa da abin da ya sani a gidansu da garinsu. Cikin makarantun da suka karɓa akwai ta wani ƙauye a gindin duwatsun Kagoro. Shugabarta, Malama Rahila, ita ta kira ni a waya.

"Malam, ka zo. Baba Yohanna ya ce zai cire jikarsa Godiya. Sa'anninta sun shiga littafi na biyu, ita tana na farko, ya ce mun yi mata rifitin a gaban jama'a. An sa mitin ranar Lahadi bayan sujada."

Ta ƙara da cewa babu wata makaranta kusa. In aka cire Godiya, aikatau za a kai ta Kaduna. Baba Yohanna kuwa dattijon ikilisiya ne, inda ya sa ƙafa nan wasu iyayen za su sa. Shi ya sa na ɗauko allon. Na ce zan nuna musu cewa mu ma ba a wanke mana allo sai mun biya karatun babu gargada.

A tasha, motar Kafanchan ba ta cika da wuri ba. Na zauna, na tashi, na sayi ƙosai na kasa ci.

Kasuwan Magani

Direbanmu Ɗanladi saurayi ne mai surutu. Mun wuce shingen sojoji biyu lafiya. A na uku aka ce in buɗe jaka. Sojan ya ɗaga allon, ya juya shi, ya dawo mini da shi da hannu biyu.

Ɗanladi ya ce, "Baba Malam, wannan katako ne fasfo ɗinka?"

Na ce, "Ya fi motarka shekaru, kuma bai taɓa tsayawa a hanya ba."

Kamar na yi mata baki. Muna wuce Kasuwan Magani kaɗan sai hayaƙi ya taso daga gaba. Ɗanladi ya tari babur ya koma neman bakanike, ya ce yanzu-yanzu. Yanzu-yanzun nan ta kai mu bayan La'asar.

Na yi Azahar a ƙarƙashin wata ɗorawa, na kasa zama. Ina kai da kawowa a bakin titi sai na ji kiɗa. Gayya ake yi a wata gona, maza sun jera da garma, kowa da kunyarsa, mata na biye da waƙa. Wani mai jar hula an bar shi a baya sosai. Na ga biyu da suka kai ƙarshe ba su nufi inuwa ba, sai suka juyo suka kama kunyarsa daga can, suna huɗowa har suka haɗu da shi a tsakiya. Na kalla ne kawai don in kashe lokaci. Hankalina yana kan hanya.

Kachia

Mun shiga Kachia ana kiran Magariba. Na roƙi Ɗanladi mu ci gaba, ya ce, "Baba, ko ka ba ni motar nan kyauta, ba na bin hanyar Zonkwa da duhu." Ban ga laifinsa ba.

Wani tsohon ɗalibina mai cinikin citta ya sauke ni a gidansa. Ɗakin duk ƙamshin citta, har atishawa nake yi. Matarsa ta kawo faten acca mai zafi, na ci na gode wa Allah.

Da safe na tarar da abin da ban lissafa ba: Lahadi ce, yawancin direbobin hanyar suna coci, har da Ɗanladi. Tasha fayau. Na tsaya ina leƙen kowace mota kamar mai jiran bashi, har Allah ya kawo wata a-kori-kura da ta ɗauko buhunan taki. Na zauna a gaba, jaka a cinya. Ta Zonkwa muka bi, ƙasa ta yi kore shar saboda ruwan farkon damina, amma ni agogo nake kallo. A Kafanchan ban ko sha ruwa ba, na hau babur.

Ƙauyen

Na iso ana fitowa daga sujada. Malama Rahila ta tarbe ni a ƙofar makaranta, ta ce, "Malam, na ɗauka ka fasa." An cika aji ɗaya, iyaye a kan bencin yara, gwiwoyinsu har ƙirji. Fasto ya buɗe da addu'a, ni ma na yi tawa a zuci. Godiya tana zaune kusa da kakanta, kanta a ƙasa.

Da aka ba ni dama na yi gaisuwa, na zaro allon na ɗaga. Na fara bayanin yadda malam yake rubuta wa yaro, yaro ya biya, sai ya iya a wanke. Ban kai ƙarshe ba na ji ajin ya yi tsit. Wata mata a baya ta ce da ƙarfi, "To, ashe abin da aka kawo mana ke nan!" Surutu ya tashi cikin yarensu. Malama Rahila ta dube ni, idonta ya cika da ƙwalla.

Sai a lokacin na ga abin da suka gani. Baƙo mai rawani ya zo daga Kaduna, ya ɗaga allo a makarantar 'ya'yansu, a ƙasar da mutane suka sha wuya kan irin wannan zargi. Ni misali na kawo, su kuwa makarantar allo suka ga ana shirin buɗe musu.

Na mayar da allon jaka. Na ce, "Ku yi haƙuri, wannan na gidanmu ne. Bari in tambayi na gidanku. Baba Yohanna, jiya na ga gayya a hanya. In an bar mutum a baya, tsallake kunyarsa ake yi a kama sabuwa?"

Ya ce, "Wa zai tsallake? Ciyawa zai cinye gona."

"To, haka karatun Godiya. Ba mu so ta tsallake."

Na ɗauka na gama. Baba Yohanna ya miƙe a hankali, ya dafa sandarsa.

"Malam, ka kalli gayya rabi. Wanda ya gama nashi, yana zama ne yana dariya? Yana juyowa. Yarinyan nan tun kafin Ista tana littafi ɗaya. Abokanta sun wuce, suna kiranta Mama Littafi Ɗaya. Wa ya juyo mata? Kai ne? Ko Malama, da yara sun fi ƙarfinta?"

Mun koya wa malamai su tsayar da yaro, ba mu tsara wanda zai koma ya same shi ba. Kuma na san abin, domin a zauren malaminmu ma manyan ɗalibai ne suke zama da ƙanana su biya musu.

Malama Rahila ce ta yi magana, rabi da Hausa rabi da yarensu. Ta ce daga gobe duk wanda ya gama darasi zai juyo ya zauna da wanda bai gama ba, da yaren gida in ya fi sauƙi, kuma ba wanda zai shiga sabon darasi shi kaɗai ya bar 'yan layinsa a baya. Matar da ta yi ihu ɗazu ta ce, "A gayya ana ba da kunu fa." Aka fashe da dariya. Shugabar zumuntar mata ta ce kunu nasu ne.

Baba Yohanna ya dubi jikarsa. Ya ce, "Na bar ta zuwa cin sabon masara. In ta karanta mini da bakinta, shi ke nan. In ba haka ba, Malam, kai zan nema."

Na ce, "Na yarda, Baba."

Da muka fito ya ja ni gefe, ya ce in nuna masa katakon nan. Ya shafa shi, ya ce itacen kirki ne. Ya ba ni ƙullin citta in kai wa iyali.

Komawa

Na kwana a Kafanchan, washegari na kamo hanya. Motar ba ta tsaya ko'ina ba sai shingaye, na iso gida kafin La'asar, na tarar da kowa lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa ɗalibina na Kachia da iyalinsa, da Malama Rahila da ta jure kuskurena a gaban mutanenta.

Ana cikin gasa sabuwar masara a bakin titunan Kaduna wayata ta yi ƙara. Muryar Baba Yohanna ce, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Malam, ka yi shiru ka ji." Sai na ji wata siririyar murya tana karatu, tana tsayawa, tana komawa baya ta gyara da kanta. Can ta maƙale a wata kalma. Na buɗe baki zan taimaka, sai na ji wata yarinyar a gefenta ta riga ni.