Wasiyyar Tukwane Biyar

A shekarar da Baba ya biya wa Kaka kujerar Makka, ina zaune gida a Kubwa, na gama jami'a ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Farar hula sun ɗan jima da karɓar mulki, albashi ya ƙaru, wayar hannu ta fara shiga aljihun mutane, duk inda ka waiga a Abuja gini ake yi. Baba yana aiki a wata ma'aikatar tarayya. Da sassafe yake fita ya tari bas, ni kuma in wuni da mahaifiyarsa, ina rubuta waƙoƙina a bayan tsofaffin takardun ofishinsa. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai uwata.

Kaka tana da tukwanen dalma guda biyar, irin na biki, da ta taho da su daga Zariya. Ƙaramarsu ma sai an yi taro ake ɗora ta. Babbar kuwa sai mutum biyu sun kama, kuma ina yarinya a cikinta nake ɓuya idan na yi laifi. Kowacce da ɗigon jan fenti a ƙarƙashin kunnenta. Duk mai suna ko biki ko sadaka a unguwarmu gidanmu yake zuwa aro. Kaka ba ta taɓa karɓar haya ba. Doka ɗaya gare ta: tukunya ba ta dawowa wayam. Ko sabulu, ko ƙullin gishiri, ko goro biyu, a dai sa wani abu a ciki.

Ran Laraba, saura kwana uku ta shiga sansanin alhazai, ta kira ni tsakar gida.

"Uwata, ɗauko biro. Wasiyya za ki rubuta mini."

Na ce wasiyya kuma, ita kuwa ko a jikinta, tana ta gyaran zogale. Ta ce duk mai tafiya Makka haka yake yi, ba don ya ga mutuwa ba. Gonarta ta gida da kayan ɗakinta, waɗannan na magada ne, yadda Allah ya raba. Tukwanen ne damuwarta. Idan suka shiga gado, Baba zai ɗauki nasa, goggonnina biyu su kwashi nasu, ɗaya Zariya ɗaya Katsina, shi ke nan sun watse. Ga shi kuma ta taɓa jin Baba yana cewa sun cika mana sito, gara a sayar wa masu narkawa.

Wasu matan unguwarmu suna da 'yar ƙungiya. Duk Juma'a sukan dama kunu, su tuƙa tuwo, su kai asibiti wa majinyatan da ba su da kowa: leburori da masu gadi da direbobin da suka zo neman aiki garin nan suka baro danginsu can nesa. Da tukwanen aro suke girkin, yawanci na Kaka. Su take so ta bar wa. Ta riga ta tambayi limamin masallacinmu, ya ce mata wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, ba a yi wa magaji, kuma a samu shaidu biyu. Baba ya yi dariya da ya ji, ya ce ko da gonar kaɗai aka gwada su, tukwanen ba su kai kashi ɗaya cikin ukun ba.

Na zauna na zuba basira. Da na gama na karanta mata: "Na bar waɗannan tukwane, masu baki kamar wata ɗan daren sha huɗu, waɗanda hayaƙin shekaru ya yi musu kwalli..."

"Wata kuma?" in ji Kaka. "Wa ya taɓa tuƙa tuwo a wata? Ki rubuta tukwane biyar masu jan fenti. Kwallin ki ajiye wa saurayinki."

Na sake rubutawa, layi huɗu, ba ko ado. Sai ta ce mu je sito ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Muka ƙirga, huɗu ne. Babbar ba ta nan.

Da yamma Baba ya dawo, ya ce abin ai mai sauƙi ne, a rubuta huɗu.

"Huɗun na miya ne da kunu," in ji Kaka. "Tuwon fa, a hularka za su tuƙa?"

"To a rubuta biyar, Inna, in ta dawo ta dawo."

"Ba zan dangwala hannu a kan abin da ban san inda ya kwana ba. In yi wa Allah alkawari da kayan da suka ɓata?"

Mun san halinta. Idan babbar ba ta dawo kafin Asabar ba, haka za ta hau jirgi ba wasiyya, ta yi ta ɗawafi zuciyarta na sito.

Ran Alhamis da hantsi muka fita, ni da ita. Muka fara da matar tela, layi biyu bayan namu, don ita ta ari tukunyar wata biyu da suka wuce, lokacin sunan jikanta. Ta dafe ƙirji.

"Kaka, ba a dawo miki da ita ba? Ai daga nan Iya mai atamfa ta ɗauka, bikin 'yarta. Na ce mata idan ta gama ta miƙa gidanki."

Iya mai atamfa Bayarabiya ce, a Kubwa take kwana amma shagonta yana kasuwar Wuse. Muka hau bas. Kaka ta zauna bakin taga tana kallon dogayen gine-ginen da ba a ƙarasa ba, tana tambayata wa zai hau can sama, kuma idan ya hau wa zai kai masa ruwa. Ni kuwa duwatsun bakin hanya nake kallo, hunturu ya yafa musu hazo har wuya, ina ta haɗa baitoci a raina, har sai da Kaka ta zungure ni ta ce mun iso.

Iya tana ganinmu ta durƙusa tsakanin turamen atamfa.

"Mama, tukunyan nan ya rufa mini asiri. Mutanen coci sun ci, mutanen kasuwa sun ci, har shinkafa ya rage."

"Madalla. Yanzu tana ina?"

Iya ta sosa ɗankwali. Ta ce wata mai sayar da kifi a Kado, wadda ta kawo mata kifin bikin, ta ga tukunyar ta roƙa, ɗanta zai yi saukar karatu. Ta kwatanta mana rumfarta, ta kuma cusa wa Kaka ɗankwali sabo a jaka, wai wannan na cikin tukunya ne da ba ta samu ta sa ba.

Muka tari tasi mai kore da fari zuwa Kado. Tun daga bakin titi ƙarnin kifi ya tare mu. Muka ratsa tsakanin tebura jiƙaƙƙu, masu kifi suna ta kiran Kaka, "Hajiya, zo ki ga na yau." Rumfar tana can ƙarshen layi. Matar doguwa ce, ta ɗaure zani a ƙugu, hannunta duk ɓawon kifi. Kafin mu yi sallama Kaka ta tsaya cak. A ƙarƙashin teburin ga babbar tukunya, ɗigon jan fentinta yana kallonmu, cike da ruwa.

Na leƙa. Tarwaɗa ne a ciki, manya, baƙaƙe, suna zagaye a hankali, gashin bakinsu yana shafar gefen tukunyar. Hasken da ya ɓullo ta hujin kwanon rumfa ya faɗa ruwan yana rawa a bayansu. Wurin da nake ɓuya ina yarinya ya zama tafki.

Da matar ta gane ko wace ce a gabanta, wuƙar hannunta ta faɗi.

"Mama, ki yafe mini. Wallahi bayan walima na wanke zan kawo, sai robata ta fashe, kifi suna mutuwa a ƙasa. Na ce kwana biyu kawai."

"Kwana biyun naki wata nawa ne?"

"Ɗaya da rabi, Mama."

Na zaci Kaka za ta yi faɗa. Sai ta sunkuya, ta daɗe tana kallon kifin, kafaɗunta suka fara motsi. Dariya take yi.

"Shekara arba'in ina dafa kifi a cikinta," ta ce, "ban san tana iya raya su ba. Yaron ya sauke lafiya?"

"Lafiya lau, Mama."

Maƙwabtan rumfar suka kawo robobinsu aka fara kwashe kifin. Da ya rage biyu, Kaka ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Ba a gaya miki dokar ba? Tukunyata ba ta komawa gida wayam."

Matar ta yi dariya har da tafa hannu, ta fitar da ƙananan biyun da suka rage, ta mayar da manya biyu. Mutum uku suka kama zuwa bakin titi. Direban tasin ya ga ruwa zai shiga but ɗinsa ya fara ja da baya.

"Hajiya, motar oga ce fa."

"Ban zama Hajiya ba tukuna, sai jibi zan tafi. Ka kai ni lafiya in yi wa ogan naka addu'a a can, kai ma in sa ka."

Ya buɗe but ɗin. Duk ramin da muka faɗa sai mu ji ruwa ya yi tsalle a baya, direba ya yi salati.

Mun kusa Kubwa Kaka ta juyo gare ni. Ta ce, "Uwata, takardar nan da saura. Idan na ba matan nan tukwane suka kulle a ɗaki sai Juma'a, mai atamfa fa? Mai kifi fa? Suna, da biki, da sauka, duk a fita ɗaya, ni ina zaune ban sani ba."

Ran Juma'a bayan la'asar liman ya zo da wani maƙwabcinmu, su ne shaidu. Shugabar ƙungiyar ma ta zo, wata malamar firamare da ta yi ritaya, ta dawo daga asibiti ke nan, da ƙanshin hayaƙi a mayafinta. Tukwanen biyar suna jere a tsakar gida, an wanke su da toka suna sheƙi. Na karanta layi huɗun farko, sannan ƙarin da Kaka ta sa na yi: duk wanda ya zo aro a ba shi, kada a tambaye shi garinsu ko inda yake ibada, kada a karɓi haya, kuma abin da ya dawo a cikin tukunya na majinyata ne.

Malama ta gyara zama. "Kaka, idan Juma'a ta zo babbar tana Kado da kifi a ciki fa?"

"Uwata, ƙara. Daga yammacin Alhamis zuwa la'asar ɗin Juma'a na majinyata ne. Sauran kwanakin na gari."

"To Allah ya ja da ranki, ya sa mu daɗe muna aro."

"Amin. Ba sauri nake ba."

Baba ya ɗauko tawadar hatimi da ya aro daga ofis, Kaka ta dangwala babban yatsa, shaidu suka sa hannu. Tarwaɗa ɗaya tun da safe ta bi tuwo asibiti. Ɗayar farfesunta muka kawo wa shaidu, liman ya sha har da neman ƙari. Baba ya ninke takardar ya sa a jakar takardun gidansa, bai ƙara maganar masu narkawa ba.

Bayan mako shida muka je tarbarta. Ta rame kaɗan, ta yi baƙi, ga haƙorin Makka yana walƙiya. Na rungume ta ina hawaye, ita kuwa tana ta leƙen bayana kamar na zo da wani.

"Babbar tana gida?"

Na ce mata tun ran Lahadi aka ɗauka, kuma gaskiya ban san gidan wa ta kwana ba.

Ta miƙo mini jakar dabinonta in riƙe. "Bar ta," ta ce. "A rubuce take. Ran Alhamis za ta dawo."