Ya Falmata Ba Haƙuri Ta Yi Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Falmata. Duk lokacin da watan ya zagayo, nakan soya waina in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba, kuma wani tsohon fim ne ya jawo.

Masu waya a Nguru da Gashua sun san fim ɗin da nake nufi. Na Turawa ne, baƙi da fari, ya girmi iyayen masu kallonsa. Kwanan nan wani ya yi masa fassarar Hausa, ake ta tura shi daga waya zuwa waya. Labarin wata mata ce da ke auren mutumin da gari ke girmamawa. Ba ya dukanta, ba ya zaginta, amma a gidansa ita da kujera ɗaya suke. A ƙarshe ta zuba masa guba a shayi, ta kai kanta wurin 'yan sanda, ko hawaye ba ta yi ba.

Mu mun daɗe da ganinsa. Mahaifinmu ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne a Nguru, mai son kallo, kuma maƙwabciyarmu Maman Chidi, mai shagon kayan masarufi, ita ta ba shi aron kaset ɗin a wata Babbar Salla. Ya Falmata ta zo daga Gashua da mijinta da jaririyarsu Aisa, muka cika falo bayan la'asar. Da fim ya ƙare musu ya tashi. Baba ya ce kisa kisa ne, ba shi da wani suna. Maman Chidi ta ce da ita ce, tun shekarar farko za ta kwashe kayanta. Mijin yayata kuwa dariya ya yi, ya ce, "To me ya yi mata? Ya ciyar da ita, ya tufatar da ita, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Wannan ai butulu ce."

Ya Falmata ta tashi ta kwashe kwanuka. Sai da muka fita tsakar gida wanke kwanuka ta ce mini, "Hauwa, ku kofin shayin kuka gani. Ni teburin cin abincin nake kallo. Kin ga ya ɗaga kai ya dube ta ko sau ɗaya?" Daga ranar na fara sa ido a kan aurenta.

Ba wanda ya yi mata dole. Malamar firamare ce, mai baki, mai dariya har da buga cinya, ita ta kawo shi gida ta ce shi take so. Ba zan faɗi sunansa ba. Mutanen Gashua sun san shi, shi ma ya san kansa. Da farko ya ce ta ajiye koyarwa har yarinya ta yi wayo. Yarinya ta yi wayo, maganar ba ta sake tasowa ba. Daga nan ya fara gaba da ita. Sai ya yi wata da watanni bai ce mata uffan ba, kuma ba ta san laifinta ba. Idan baƙi suka zo, ya kira ta da fara'a ta kawo ruwa. Suna fita ya ɗaure fuska. Idan na je ziyara, a soro yake tare ni ya ce tana barci, alhali ina jin tarinta daga ciki. Sau biyu Baba ya je da kansa. Mutumin ya durƙusa har ƙasa, ya yi ta rantsuwa, ya cika wa Baba mota da busasshen kifi. A waje ba a taɓa jin kansu ba, saboda haka gari ya ce zaman lafiya suke yi.

Da ƙafafunta suka fara kumbura, cewa ya yi zaman banza ne ya sa ta ƙiba. Duk wanda ya zauna a Gashua ya san abin da kumburin ƙafa da fuska ke nufi, ya san ba a wasa da ciwon ƙoda. Shi ma ya sani. Wata maƙwabciyarsu 'yar unguwar Katuzu ce ta aiko mana cewa mu zo mu ga 'yar'uwarmu. Na ɗauki yayanmu Bukar muka tafi da mota. Na same ta kwance a tabarma, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa. Mijin ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Idan ta fita ba da izinina ba, ta fita ke nan."

Ya Bukar ya ce, "To ta fita." Ya ɗauke ta cak, kamar yarinya.

Likita a Nguru ya duba ta, ya dube mu, ya tambayi inda muke tun tuni. Ba ta kai damina ba. A ɗakin mahaifiyarmu ta cika, Aisa na riƙe da hannunta. Ranar zaman makoki mutumin nan ya zo ya zauna a tabarmar gaba, ya fi kowa kuka, mutane suna layi suna ba shi haƙuri. Ina leƙensa ta taga. Aisa ba ta koma gidansa ba, shi ma bai nema ba. A hannuna ta girma.

Yanzu ga fim ya dawo, ga musu ya dawo da shi. A gidan lalle na ji 'yan mata suna cewa matar ta yi musu daidai. Direban da ya ɗauko ni daga Jajimaji ya ce irin waɗannan finafinai ne ke lalata mata, amma ya kalla har ƙarshe, don ya ba ni labarinsa tiryan-tiryan. Wata tsohuwa mai sayar da kifi a kasuwar Gashua ta ce ita duka biyun tausayi suka ba ta, sai dai mijin ya mutu sau ɗaya, matar kuwa kullum. Nakan tambayi kaina abin da Ya Falmata za ta ce da ta ga wannan zamani da mace ke iya ɗaga waya daga cikin ɗaki ta gaya wa duniya halin da take ciki. Na san ba za ta goyi bayan guba ba. Mai tsoron Allah ce, ko kaza ba ta iya kallon a yanka. Ina jin za ta yi murna da 'yan matan gidan lalle sun lura da teburin, ko da sun zarce a hukunci.

A watan jiya wani gidan rediyo ya buɗe layi a kan fim ɗin, da hantsi. Ina tsintar shinkafa, Aisa tana guga, sai muka ji muryar mijin yayata. Yanzu dattijo ne, har sulhun ma'aurata ake kiransa. Ya yi sallama, ya gyara murya, ya ce matan yanzu ba su da haƙuri. Sannan ya ce, "Ni marigayiya matata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kai ƙarata ko'ina ba. Ta yi haƙuri har ta koma ga Ubangijinta. Irinta ya kamata a yi koyi da ita."

Tiren shinkafar ya zube daga cinyata. Aisa ta kashe dutsen guga, ta ce, "Inna Hauwa, ba ni wayarki."

Ta yi ta kira har layin ya shiga. Ta ce, "Ni ce 'yar matar da aka ambata yanzu. Mahaifiyata ba haƙuri ta yi ba, rufe ta aka yi. Ni ake aikowa in gaya mata ta kawo abinci, tana zaune a gabansa. Ta roƙi a kai ta asibiti a kan idona aka hana. Don Allah kada wata ta yi koyi da abin da ya kashe ta." Mai gabatarwa ya yi sauri ya sa talla.

An ce mini tun ranar ba a gan shi a majalisar da yake zama ba. An ce wasu ma'aurata da aka tura wurinsa sun ce a nemo musu wani. Dattawa biyu sun zo gidana suna cewa a rufa asiri, uba uba ne, a yafe. Na ba su ruwa, na saurare su, na ce musu Allah mai gafara ne, amma haƙƙin ba nasu ba ne da za su nema masa, kuma mai haƙƙin tana ƙasa. Nawa kason kuwa ban yafe ba.

Ba na yi masa fatan mutuwa. Ina roƙon Allah ya ja kwanansa, da lafiyar kunne da ta ido. Ya shiga kasuwa a yi shiru. Ya yi sallama a majalisa a amsa masa ciki-ciki, kowa ya dubi wani wuri. Ya ɗanɗani zaman da ake yi da mutum kamar ba ya nan, ya ji ko ciyarwa da tufatarwa suna maganinsa.

Yayata ba ta bar gida ko gona ba. Ta bar ɗaliban da har gobe suke tare ni a hanya, manya da gemu, su ce Malama ce ta koya musu rubuta sunansu. Ta bar 'yar da ta gaji bakinta, wadda yanzu take koyarwa a aji ɗaya na firamare a nan Nguru, kuma ba wanda zai sa ta ajiye alli. Allah ya jiƙan Ya Falmata, ya haskaka kabarinta. Shi kuwa, tsakaninsa da ita akwai ranar da za a tsayar da su, kuma ranar ita za ta yi magana.