Ranar da Igwar Hifni Ta Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kena zuwa Kus, a kudancin Masar, a wancan zamanin ya san Hifni ɗan kawuna. In bai san fuskarsa ba, ya san ƙarar motarsa. Tsohuwa ce mai cin mutum bakwai, ban da akuyoyi, direbobin tasha suka raɗa mata suna Igwa. In ya taka totur sai ta tsaya shawara, ta shaƙe, ta yi tari kamar tsohon da ya ƙware da shayi, sannan ta tuna ashe ita mota ce. Harbi kuwa wuri ɗaya take yin sa, mararrabar ƙauyenmu Naja Sabil. Nan take sakin wata ƙara mai zubo da ɗanyen dabino daga sama. Akwai jakin da har ya mutu bai sake bin hanyar ba.

A Naja Sabil aka yanke wa Hifni cibiya, amma rabonsa da taka ƙasarta tun gashin bakinsa na baƙi wuluk. Wansa ya kashe mutumin gidan Shamandi a kan rabon ruwan gona, ya mutu a kurkuku, jinin kuwa bai mutu ba. Mazan gidan kawu suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma Kena. Aka bar Ratiba, yayar Hifni, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Tana aure a gidan da ba ruwansa da rigimar, mijin kuma ya rantse ba za a jawo masa ba: ba zuwa, ba aike.

Layin Luksor ya fi fasinja, kowa ya sani, Hifni ya ce shi na Kus yake so, wai titin ya fi laushi. Titin da ramukansa ke haɗiye raƙumi da kayansa! Gaskiyar ita ce daga mararrabar nan, in an sare rake, ana hango hasumiyar tattabarun gidan Ratiba da rabin wata taga mai shuɗin fenti. In rake ya yi tsawo, sai kan hasumiyar kaɗai. Haka ya yi ta wucewa safe da yamma har ya yi furfura. Matarsa 'yar Kena ta iya miyar lalo, yakan dangwala burodi ya ce ta yi daɗi, sai ya tsura wa bango ido.

Ana nan dattawa suka sa ranar sulhu. Hifni ne babban namijin da ya rage, shi zai ɗauki likkafaninsa a hannu, ba rawani ba takalmi, ya miƙa wa tsohon gidan Shamandi, a yanka rago a madadinsa. A irin wannan rana ana karɓe bindigogi a bakin rumfa, amma wanda ya miƙa ɗaya ya bar biyu a cikin rake. In Igwa ta yi harbi ɗaya a mararraba, kafin a ce mota ce an fara haƙa kaburbura, shi kuma ya yi sallama da tagar nan har abada.

Ya kai ta garejin Usta Milad, bakaniken da ke sauraron inji da kunnensa na hagu, don na daman Igwa ce ta kashe shi tun bara.

"Usta, ka rufa mini asiri, ka rufe mata baki."

"Yau ka san da ni? Da nake roƙonka ka kawo ta cewa ka yi muryarta ce."

Milad ya zare filogi ya shinshina, ya kankare kwantak, ya gyara tayamin. Da ya buɗe kafireta ya zaro wata 'yar roba da ta tsage, ya ɗaga ta kamar ya kama ɓarawo.

"Ga mai shawarar. Ita ke watsa fetur in ka taka totur. Ta yage, sai inji ya haɗiyi iska zalla, dole ya ƙware."

Aka sa sabuwa, Igwa ta riƙa zabura kamar maraƙi. Harbin ne ya ƙi fitowa. Suka zaga Kena har karnuka suka haddace lambarta, ko atishawa ba ta yi ba.

"Ta ji kunyata," in ji Milad. "Kai ni inda take rashin kunyar."

Suka hau titin Kus. Milad bai kalli hanya ba, ƙafar Hifni ya sa wa ido. Suna tafe a guje, hasumiya na ɓullowa sai ƙafar ta ɗaga gaba ɗaya, mota na cikin giya, wuyan Hifni ya karkace hagu. Daram! Tattabaru suka tashi daga can nesa.

Milad ya sa ya tsaya, ya jira ƙarfe ya huce, ya kwanta a ƙarƙashi yana lalube. Ya fito da yatsa baƙi ƙirin.

"Gasket ɗin da ke toshe mahaɗin wuyan salansa ya ƙone, ya bar rami. In ka saki totur farat ɗaya, ɗanyen fetur ya gangara salansa, ramin ya zuƙo masa iska, sai wuta. Sauran direbobi a nan suke ƙara gudu, kai kaɗai kake sakin ƙafa kamar an kira sunanka." Ya goge yatsan a riga. "Ramin zan toshe. Wuyanka ne ba ni da sifanarsa."

Hifni bai yi dariya ba.

Kwanakin da suka rage ya riƙa wuce mararrabar shiru, fasinjoji na sa masa albarka, shi kuwa ji yake kamar ya wuce ƙofar gida bai yi sallama ba.

Ranar sulhu duk da gyaran bai yarda da ita ba. Tun daga nesa ya kashe inji, ta gangara a hankali, muka ƙarasa da ita da turi, gumi har cikin takalmi. Ya sauka ƙafa ba komai, farin ƙyalle a kan hannuwansa, ya ratsa mutanen da sun fi ganyen rake yawa. Tsohon gidan Shamandi ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya karɓa, ya rungume shi, aka kayar da rago.

Ana tsakiyar guɗa wata 'yar tsohuwa cikin baƙin mayafi ta keto maza, ba ta nemi izinin kowa ba. Sai da ta yi magana Hifni ya gane Ratiba ce. Ta dunƙule hannu ta buga masa a ƙirji.

"Ina ka shiga, ɗan banza? Ina motar?"

"Ga ta can, Yaya. Gyara ta na yi."

"Wa ya sa ka? Safe in ji ka, yamma in ji ka, tattabaruna su tashi, in ce alhamdu lillahi, yaron nan yana raye, in koma kan tanda. Rana ɗaya sai shiru. Na ce sun riga sulhun, sun tare ka a hanya. Ko ruwa ba ya wuce mini."

Shi Hifni a zatonsa duk shekarun nan shi kaɗai yake kallo.

"Ashe kina ji?"

"Kurame ma suna ji. Wuce mu tafi, lalo na kan wuta. Dubi yadda ka tsufa ba da sanina ba."

Gidan ubansu ya zube, kurnar tsakar gida ce kawai a tsaye. Mijin Ratiba ya tarbe shi kamar shi ya haɗa sulhun. Hifni ya zauna a bakin shuɗiyar tagar, karo na farko daga ciki, ya leƙa. Titin na can, siriri, mota na wucewa kamar ƙwaro. Ya ci miyar bai kalli bango ba.

Har yau yana layin Kus, Igwa ba ta ƙara harbi ba. Yanzu in ya ga dama kan motar yake karyawa ya shiga, da fasinjojin da komai, su sha shayi dole. Amma ranar da sauri ya hana, ƙafar nan sai ta ɗaga, motar ta yi shiru, ya danna hon har sai ya ga tattabaru sun tashi.